Kampitsa Biyu a Tsakar Gida Ɗaya

Kampitsa biyu aka kawo mana bayan girgizar ƙasa, kuma tun direban bai kashe mota ba Baffa Jandro ya ɗora hannu a kan sabuwar.

"Wannan tamu ce, ni da Ankica," ya ce. "Ta fi faɗi, Ankica kuma tana fama da ƙugu."

Gidanmu bai rushe gaba ɗaya ba. Bututun hayaƙi ne ya rufto ta cikin rufi, bangon kicin ya tsage har kana hango garken shanu daga gindin murhu. Masu duba gini suka manna jar takarda a ƙofa, ba mai sake kwana ciki. Gidan Baffa da ke jingine da namu shi ma ja aka ba shi. Muka rage mu huɗu a tsakar gida cikin ƙanƙarar Janairu: ni, da babana Mijo, da ƙaninsa Jandro, da yayarsu Gwaggo Ankica wadda ke zaune wurin Baffa tun rasuwar mijinta. Mutanen da ba mu taɓa gani ba ne suka aiko da kampitsan, ɗakunan nan masu taya da ake ɗaura wa mota a tafi hutu bakin teku. Ɗaya fara tas, jikinta sumul kamar ƙwai. Ɗayar ta girme ni, fentinta ya koma kalar tsohon haƙori, jikinta alminiyam ne mai gurbi-gurbi, ga tsatsar kusa ta zubo mata a kusurwa.

"Babana fa ƙirji ne ke damunsa, Baffa," na ce.

"To, Injiniya ta fara. Ba ke ce aka tura Zagreb koyon gini ba? Ga gini nan, ki gyara wa ubanki."

"Bar shi, Vedrana," in ji Baba. "Ba a cacar baki gaban baƙo."

Na yi shiru saboda direban, ba saboda Baffa ba. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ilimin kayan gini nake karantawa, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba ko da yake a ƙauyenmu sunan Injiniya zagi ne idan mace aka kira da shi. Na zagaya ɗakunan biyu ina ƙwanƙwasa su da bayan yatsa. Sabuwar ƙara ɗaya take yi ko ta ina. Bangonta hawa uku ne: fatar roba mai ƙarfi a waje, farin soso mai tauri a tsakiya, siririn katako a ciki, an shafe su da gam an danne da inji har sun zama abu guda. Ba kafar da sanyi zai bi. Tsohuwar kuwa nan ta yi ƙum, can ta yi ƙwal, domin ƙashi gare ta na siraran katako, an cusa audugar gilashi a tsakaninsu, an buga alminiyam a waje, an buga fallen katako a ciki. Kowane katako hanyar sanyi ne, kowace mahaɗa hanyar ruwa. Da na danna kusurwar baya ta hagu, babban yatsana ya nutse.

Baffa ya zaɓi wadda ta fi. Ba zan yi ƙarya in ce ba haka ba ne.

A makon nan Sista Dubravka ta zo, ma'aikaciyar jinyar da ke zagaya ƙauyuka. Ta sa abin sauraro a bayan Baba ta daɗe tana ji. Shekarun da ya yi a masana'antar ƙarfe sun ci rabin huhunsa tun kafin a haife ni.

"Ana kwashe tsofaffi marasa lafiya zuwa wani gida a arewa," ta ce. "Akwai ɗumi, akwai likita. Yau ba zan tilasta maka ba. Amma idan na dawo na ji ƙirjin nan ya fi haka, zan kira mota."

"Shanun fa?" in ji Baba.

"Shanu ba aikina ba ne, Malam Mijo."

Da ta tafi ya zauna bakin gado yana kallon garke ta taga. Ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba, wanda duk aka ɗauka daga ƙauyen nan a akwati yake dawowa, shi kuma ba zai mutu a ɗakin da ba ya jin kukan Rumenka ba. Rumenka ce babbar saniyarsa, ja, mai ciki. Na ce masa ba inda za shi. Da bakina na faɗa, kuma ni ba na janye magana.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne propuh.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san propuh, iskar da ke shiga ta kafa ɗaya ta fita ta wata. Ita ke karkatar da baki, ita ke kama wuya, ita ke sa ciwon kunne da ciwon ƙoda, ita ta kashe kakan kowa. A motar haya cikin zafin Agusta za ka ga mutane suna narkewa, ba mai yarda a buɗe taga biyu. Ita kuwa kampitsa, kowace iri, da ramukan iska ake yin ta: ɗaya ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya a rufi, wasu bayan kujeru. Ba ado ba ne. Mutum biyu a ƙaramin ɗaki, ga numfashi, ga tukunya, ga murhun gas, ruwan da suke fitarwa a yini ya isa cika kwano. In bai sami hanyar fita ba bango zai shiga.

Safiyar farko na tashi na ga tagogi suna zubar da hawaye, falle ya jiƙe daidai layin kowane katako. Na duƙa bakin ƙofa, sai ga safar Baba a cushe cikin ramin iska. Na zaro ta.

"Mayar da ita," in ji Baba daga cikin bargo.

"Baba, ɗakin ne ke shaƙewa."

"Ɗaki ba ya da hanci. Ni ke da hanci. Mayar."

Ban mayar ba. Na fita tatsa, na dawo na tarar da Gwaggo ta shigo ta toshe duk ramukan da tsumma, har na rufi, ta hau kujera da ƙugun nan nata mai ciwo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire a gabanta.

"Yesu da Maryamu! Mijo, kana kallo? Kashe ka take son yi."

"Gwaggo, taɓa bangon nan ki ji. Wannan ruwan daga ina kike ce ya fito?"

"Daga tsufa. Tsohuwar kampitsa ce, yoyo take yi. Ni na ga sanyi saba'in kafin uwarki ta san za ta haife ki."

"A gidan bulo kika gan su, mai murhun itace mai jan iska. Nan akwati ne."

"Ji bakinta! Akwati. Akwatin da za ki sa shi ke nan."

Haka muka yi ta yi. In na juya baya a toshe, in na dawo in buɗe. Na koma ɗaure ƙofa da waya in zan fita, sai Baba ya riƙa buɗe mata taga tana miƙo tsumman. Labari ya kai shagon kayan agaji da ke harabar coci. Na je karɓar gas, sai wata cikin matan da ke wurin ta ce da ƙarfi yadda zan ji, wai a Zagreb har darasi ake yi na yadda za a gaji gona da wuri. Na ɗauki tukunyar gas ɗina a kafaɗa na bi ta tsakiyarsu, ban kauce wa kowa ba.

Gaskiyar magana ɗakinmu da sanyi. Da ramuka a buɗe murhu ba ya iya riƙe ɗumi, kusurwar da ta ruɓe kuma tana shigo da nata rabon. Baba yana kwana da hula da riga biyu. Nasu Baffa kuwa in ka wuce ta gaban ƙofa sai tururi ya buge ka kamar ka buɗe tukunya. Gwaggo na dafa kabeji mai tsami da naman alade mai hayaƙi tun safe, tana shanya wanki a igiya daga wannan bango zuwa wancan. Baffa ya sami injin huda, ya kama aiki kamar sabon ango: ya kafa kanta, ya kafa gicciye, ya kafa hoton kakanni, ya kafa farantin talabijin a waje. Rannan na ji ƙarar zarto, na leƙa na ga yana yanka rami a bango zai fitar da bututun murhun itace, domin ya ce gas ɗumin matalauta ne.

Na tsallaka tsakar gida. Ba don shi ba, don ɗakin.

"Baffa, kar ka yanka. Bangon nan ba ƙashi a cikinsa, ƙarfinsa duk a gam yake. In ruwa ya shiga tsakanin fata da soso, ya daskare ya narke, sai su rabu. Ba ya kuma gyaruwa da faci."

"Wa ya kira ki?"

"Aƙalla ka sa ƙarfe a bakin ramin, ka liƙe da..."

"Ankica, fito ki ji. Mai ruɓaɓɓen ɗaki ta zo koya mana zama." Ya nuna ni da zarton. "Hassada ce ke cin ki, yarinya. Tun ranar farko idonki ke kan ɗakin nan. Ni na gina garken can da hannuna kina cikin zani."

"Garken da ya karkata?"

"Girgiza ce ta karkatar da shi, mara kunya."

"Tun ina firamare yake a karkace."

Ya jefo min guntun soson da ya yanko, ya same ni a ƙirji. Na ɗauka na duba, busasshe ne, fari, mai kyau. Na ajiye masa a kan matakala na koma.

Ƙarshen watan aka yi sanyin da ya daskarar da ruwan sha a bokiti. Baba ya tashi da tari mai nauyi. Kafin in gama tatsa Gwaggo ta riga ta naɗe bargonsa, Baffa na riƙe da hannunsa suna tsallaka tsakar gida da shi. Na ajiye madarar na sha gabansu.

"Baba, ina za ka?"

Bai dube ni ba. "Inda ake da tausayi."

"Ɗakin can zai fi cutar da kai. Ka ba ni 'yan kwanaki in buɗe bangon..."

"Ki buɗe! Ke ba abin da kika iya sai buɗewa. Na sayar da ɗan maraƙi na tura ki makaranta, kin dawo kina hura min iska a ƙeya. Uwarki da tana raye da kunya ta kashe ta."

Gwaggo ta yi murmushi. Wannan murmushin ya fi maganar ciwo. Na matsa musu suka wuce, na ɗauki madarata, ban bari ko ɗigo ya zube ba.

A ranar na buɗe bangon. Abin da tsohuwar kampitsa ke da shi ke nan wanda sabuwar ba ta da shi: sukurudireba ɗaya ya isa ka shiga cikinta. Na kwance kujerar baya, na ɓamɓare falle, wari ya fito kamar na rijiyar da aka daina ja. Katakon kusurwa ya zama baƙar ƙasa, ina ɗebo shi da hannu. Audugar gilashin ta sha ruwa ta zube ƙasa, rabin bangon babu komai tsakanina da sanyi sai alminiyam. Na bi ruɓar har inda katako mai rai ya fara, na yanke a nan.

Katako nake bukata da abin cusawa, duka biyun kuma suna cikin gidan da aka hana shiga. Na shiga. Ƙasa na ɗan motsi a kwanakin, kusan kullum, ƙura na zubowa daga tsagar. Na ciro allunan kantar kicin, busasshen itacen oak mai ƙwari da ya fi ni shekaru, sannan na jawo katifar Kaka ta ulun tumaki daga ɗakin sama, na turo ta ta taga. Ta faɗo tsakar gida tim. Gwaggo ta fito da ludayi a hannu, ta tarar na riga na sauko na farke ta da wuƙa.

"Katifar uwarmu! A kanta aka haife mu, a kanta ta cika!"

"Yanzu za ta ɗumama ɗanta."

"Allah ya isa tsakanina da ke. Jandro! Zo ka ga abin da 'yar boko ke yi wa uwarka!"

Baffa ya leƙo, ya tofar da yawu, ya ce a bar ni, mahaukaci ba a bin sa cikin gida mai jar takarda. Labulen tagarsu ya ɗan motsa. Na san Baba ne. Bai fito ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san sunan da zan ba su ba. Bango a buɗe, dole in bar shi ya bushe kafin in rufe, don haka murhu na ci ramuka na buɗe ina kwana da takalmi. Yatsuna suka tsage, in na riƙe zarto sai jini ya ɓata katako. Da safe tatsa, da kwasar kashin shanu, da ɗora ciyawa, domin Baffa ya ce shanun ɗan'uwansa ba su cikin aikinsa. Sau biyu na ga wani dillalin shanu tsaye da shi a bakin garke suna kallon Rumenka, da na fito sai su koma maganar yanayi. Bayan haka in koma bango: in auna, in yanka, in haɗa sabon katako da tsoho, in hau tsani in kankare tsohon liƙin mahaɗar alminiyam in sa sabo. Abokan karatuna na turo min hotunan ɗakin jarrabawa. Na daina buɗe wayar. Ban yi kuka a waje ba ko sau ɗaya, kuma wanda na yi a ciki ba ruwan kowa da shi.

Kullum ina kai wa Baba madara mai ɗumi. Gwaggo ke karɓa a bakin ƙofa, ta tare hanya da jikinta.

"Yana barci."

"Ina jin tarinsa daga garke, Gwaggo."

"Iskarki ce take fita daga jikinsa. Rufe mana ƙofa, kina shigo da propuh."

Tarin ya sauya. Da busasshe ne, yanzu ya koma mai kurman sauti, da shaƙa a ƙarshensa. A jikin sabuwar kampitsa kuwa, ƙarƙashin bututun murhu, na ga fatar ta kumbura kamar ƙunar ruwan zafi, faɗin tafin hannu. Bayan kwana kaɗan ta kai faɗin tire. Na nuna wa Baffa, ya ce rana ce, ya jingina tsohuwar ƙofa a wurin don kada in ƙara gani.

Na cusa ulun Kaka tsakanin katakai, na shimfiɗa leda ta ciki, na mayar da falle. Kusurwar hagu ta gama, na buɗe ta dama, ita ma na yi mata. Safiyar da na tashi na shafa bango na ji shi a bushe, ga ramuka a buɗe, ga ruwan bokiti bai daskare ba, na zauna a ƙasa na daɗe ban motsa ba. Na je na faɗa ta ƙofa cewa ɗakin ya gyaru. Ba a amsa min ba.

Sista Dubravka ta dawo da hantsi, ranar da ƙanƙara ta fara narkewa tsakar gida ya zama taɓo. Wannan karon Gwaggo ba ta isa ta tare ƙofa ba, na bi bayan Sista na shiga. Zafi ne da warin kabeji da wanki, da wani wari a ƙarƙashinsu wanda na sani. Baba na zaune a jingine, ya rame, leɓensa ya yi duhu. A gefen gadon ga jakarsa, an riga an ɗaure ta.

Sista ta saurari bayansa, ta cire abin daga kunne.

"Ya fi da muni. Malam Mijo, mun yi magana da kai."

"Na faɗa," in ji Gwaggo. "Yarinyar nan ta sa shi a iska har ta shige shi. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Ga kayansa, na haɗa."

"Gara ya tafi a duba shi," in ji Baffa. "Shanun ni zan san yadda zan yi da su."

Baba ya dubi jakar, ya dubi hannuwansa. Sista ta ciro waya.

A bayan kan Baba akwai ƙyallen ado da Gwaggo ta saƙa, mai furanni ja, an kafa shi da kusoshi. Na miƙa hannu ta saman kafaɗarsa na fizge shi. Bangon baƙi ƙirin ne da fumfuna daga matashi har rufi. Na ɗaga katifar, ƙarƙashinta kore da baƙi, a jiƙe. Na sa tafin hannu kusa da kusar da ke riƙe da kanta na danna, ruwa ya tsatso ta ramin ya gangaro.

"Wannan yake shaƙa," na ce. "Tun ranar da suka ɗauko shi."

"Kin tona mana asiri gaban baƙuwa!" in ji Gwaggo. "Ni ce ƙazama? Ni da nake goge ɗakin nan safe da yamma?"

"Ban ce ke ƙazama ce ba. Kun toshe masa hanci, kun huda masa jiki."

"Fita daga ɗakina," in ji Baffa.

"Zan fita. Sista, taho ki ga nawa kafin ki buga wayar."

Sista ta mayar da wayar aljihu, ta biyo ni cikin taɓo. Ta shiga tsohuwar kampitsa ba ta cire rigar sanyi ba. Ta shafa bango, ta ɗaga kujera ta shinshina, ta duƙa ta ga ramin ƙofa a buɗe, ta ɗaga kai ta ga na rufi.

"Da ɗan sanyi," ta ce.

"Da ɗan sanyi. Amma a bushe."

"Ke kika yi wannan?"

"Ni."

"Ikon Allah. Ni da na ɗauka sababbin sun fi. Duk ƙauyukan nan faɗa ake yi a kansu."

"Sun fi. Da ita aka ba ni, da yanzu yana zaune da riga ɗaya. Amma irin wancan bangon sai a bar shi yadda aka yi shi. In ya lalace sai a sauya gefen gaba ɗaya, a masana'anta. Wannan kuwa ko sau goma ya ruɓe zan buɗe shi in gyara."

Ta tsaya tana kallon kusurwar da na yi, inda sabon falle bai dace da launin tsoho ba. Sannan ta fita ta tsaya tsakiyar tsakar gida, ta ɗaga murya yadda na ciki za su ji.

"Malam Mijo! Abu biyu ne. Ko in kira mota yanzu, ko ka koma ɗakin 'yarka, ka sha maganin da zan bari, ramukan nan kuma su zauna a buɗe. Zan riƙa leƙowa ba sanarwa. Ranar da na ga tsumma a ciki, ranar za ka tafi."

Na ji Gwaggo na magana ƙasa-ƙasa da sauri. Sai ƙofa ta buɗe, Baba ya fito yana dafa bango, bargo a kafaɗa. Ya tsaya kan matakala yana haki.

"Mijo, iska za ta kashe ka," in ji Gwaggo.

"To ta kashe ni a gonata."

Na je in kama shi, ya ture hannuna. Da kansa ya tsallaka taɓon, a hankali, yana tsayawa yana tari. Da ya shiga ya zauna can nesa da ƙofa, ya ja hula har kan kunne, ya ce in daina tsayuwa a kansa kamar ɗan sanda in ɗora ruwan shayi. Wannan ce godiyar da na samu, kuma ban nemi wata ba.

Washegari na fita ɗiban ruwa na tarar an kulle murfin rijiya da kwaɗo. Baffa na zaune kan kututture yana shan taba.

"Rijiyar a ɓangarena take," ya ce. "Je ki duba takardar gado in kina so, tunda kin iya karatu."

"Shanu fa, Baffa? Ɗan'uwanka fa?"

"Ba ke ce mai dabara ba? Ki buɗe rami, iska ta kawo miki ruwa."

Gwaggo na tsaye a taga tana kallo, ba ta kuma sake yi min magana ba har yau. Na dubi kwaɗon. Guduma ɗaya ta ishe shi, kuma ina da ita. Amma na san abin da yake jira ke nan, ya kira 'yan sanda, a ce gidan ba zaman lafiya, a dawo kan maganar mota. Na ɗauki bokitai biyu na gangara rafi.

Daga rafi na shayar da mutum biyu da shanu har ƙarshen sanyi, ta gaban ƙofarsu nake wucewa, ban taɓa sauya hanya ba, ban taɓa ajiye bokiti in huta a inda za su gani ba. Tarin Baba ya sassauta sannu a hankali, ko da yake shi cewa yake maganin Sista ne, kuma kullum sai ya yi min ƙorafin wuyansa. Sista ta yi ta zuwa tana tafiya ita kaɗai, ba ta kira mota ba. Rumenka ta haihu cikin Maris, da rana tsaka, Baba na durƙushe a ciyawa hannunsa har gwiwa a jini, yana zagina wai na riƙe igiyar kamar mai riƙe biro.